Gasa Dankali Da Kayan Lambu A Lokacin Ɗari

Ga hunturu ya kankama a Kano. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, ta taso da ƙura daga hamada, rana ta yi dishi-dishi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. A watan Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 13 da asuba, wata shekara ma ya yi ƙasa da haka. Wanda ya bi Titin Zariya bayan magariba, daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, ko ya ratsa ta Kasuwar Tarauni, zai ga ko'ina an hura wuta. Masu gadi sun kewaye tasu, mai shayi yana fifita tasa, mata masu tuya kuwa sun jera kasake, ana ta tsamo dankali da doya da awara daga cikin mai.

To, abin lura a nan shi ne, lokacin da ɗari ya fi tsanani shi ne lokacin da kayan gona masu saiwa da kayan lambu suka fi yawa, suka kuma fi araha. Dankalin da aka dasa da tsakiyar damina an haƙe shi da kaka. Kabewa tana jibge a zaure. Karas da albasa da tattasai na noman rani sun fara shigowa. Ga wuta kuma an riga an hura don jin ɗumi. Watau abinci da murhu sun haɗu wuri guda, amma sai a iske mutum ya bar garwashi yana ci a banza, ya tura yaro ya sayo soyayye.

Gashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowane ɗan ƙauye ya san yadda ake turbuɗa dankali ko rogo cikin rushi a bakin gona, a jira, a tono, a kaɗe toka, a ci da ƙuli-ƙuli. Zaman birni ne ya sa aka raina shi, har waɗansu suna ganin abincin yara ne da makiyaya. Ga shi kuwa a ƙasashen da ake ƙanƙara, kamar Ingila da Amurka, gasasshen karas da kabewa da dankali su ne abincin da akan ɗora gaban baƙo da hunturu. A Japan da Sin har masu talla ne ke yawo da gasasshen dankali irin namu na Hausa a titi idan sanyi ya shigo.

Inda kayan ke fitowa

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni yanzu duk gidaje ne da kantuna. Sunan Farm Centre kaɗai ke tuna wa mutane noma, wurin kuwa cinikin wayar hannu ake yi. Amma unguwannin suna bakin hanyar da abinci ke bi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama lambun Kano. Inda dā manomi ke wahala da jigo da ƙwarya a gefen fadama, sai ga ruwa yana bin hanyarsa har cikin gona. Tumatir da albasa da tattasai da ake lodi a Kwanar Gafan da kewayen Kadawa ta Titin Zariya suke shigowa gari. Sarin kayan gwari kuwa a 'Yankaba ake yinsa, can kan hanyar Haɗeja, daga nan 'yan kiri su ɗauko su kasa a Tarauni da cikin unguwa. Dankalin Turawa yawancinsa daga tudun Jos yake, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda sanyi ya dace da shi.

Idan kaya suka yi yawa a lokaci guda, farashi yakan faɗi, wanda ke jin jiki kuwa shi ne manomi da ɗan kiri. Ƙananan dankali da karas mai lanƙwasa da albasar da ba ta yi kai ba, masu tuya ba sa so, don ba sa yankuwa da kyau. Sau da yawa sai a zuba wa dabbobi, ko a bari su ruɓe. Amma wajen gashi ƙaramin ya fi babban, gama ya fi saurin nuna har ciki.

Abin da wuta ke yi wa dankali

A nan ne maganar take da daɗi, don akwai dalilin da ya sa gasasshen dankali ya fi dafaffe zaƙi. Cikin dankalin Hausa akwai sitaci mai yawa, watau garin nan fari da ke manne wa wuƙa idan an yanka. Akwai kuma wani sinadari da Allah ya halitta a cikinsa, wanda ke sarrafa sitacin nan ya mai da shi sukari. Sinadarin nan ba ya aiki sosai sai dankali ya ɗauki zafi tsakanin kamar digiri 60 zuwa 75. Da zafi ya wuce haka sai ya mutu. Saboda haka wanda ya jefa dankali cikin tafasasshen ruwa ko mai mai zafi, ya tsallake da shi wannan mataki da sauri, zaƙin bai samu ya fito duka ba. Wanda kuwa ya binne shi cikin rushi, zafi yana ratsa shi a hankali, ya daɗe a wannan mataki, sai sukari ya taru. Sa'an nan ruwan jikinsa yana fita ta tururi, abin da ya rage ya ƙara kauri. Shi ya sa akan ga wani danƙo kamar zuma yana tsatstsafowa ta bawo. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

Haka abin yake ga albasa da karas da kabewa, ko da yake ta wata hanya dabam. Su sukarinsu yana nan tun asali. Zafin garwashi yakan kore ruwa, ya gasa sukarin da ke fuska har ya yi ja-ja, ya fid da ƙamshi. Ruwa ba ya iya wannan aiki, don komai daɗewarsa bisa wuta ba ya wuce digiri 100. Albasar da ke sa hawaye ɗanya, idan ta kwana rabin sa'a cikin toka mai zafi da bawonta, sai ta fito laushi tiɓis, yajin ya tafi, zaƙi ya rage.

Wajen lafiyar jiki kuma akwai riba iri biyu. Ta farko, akwai abubuwan gina jiki da ke narkewa cikin ruwa, kamar bitamin C, wanda ke taimakon dasashi da warkewar rauni. Idan aka fere dankali aka yayyanka, aka tafasa, aka tsiyaye ruwan a kwata, an zubar da wani kaso nasa ke nan. Zafin gashi shi ma yana rage shi, kada a ce ba a faɗa ba, amma abin da aka gasa cikin bawonsa ba shi da ruwan da zai tafi da shi. Ta biyu ita ce mai. Soyayyen dankali mai yake sha, kuma man da aka yi kwana da kwanaki ana maimaita tuya da shi har ya yi baƙi ba alheri ba ne ga ciki. Gashi kuwa cokali ɗaya ko biyu ya ishi faranti guda. Magidancin da ya san kuɗin kwalbar man gyaɗa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Amma fa kada a ce za a bar man gaba ɗaya. Karas da kabewa da jan tattasai suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi kuwa ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba, kuma yana sa kyanda da gudawa su fi kayar da yara. Saboda muhimmancinsa ne gwamnatin Nijeriya ta wajabta ƙara shi cikin man girki da sukari da fulawa tun 2002. To, ɗan man gyaɗa ko man ja da aka shafa wa karas, ko garin ƙuli-ƙuli da aka barbaɗa, ba don daɗi kaɗai ba ne. Tsofaffin da suka haɗa gasasshen dankali da ƙuli-ƙuli sun yi daidai, ko da ba su san sunan bitamin ba.

Dankali mai jan ciki

Yawancin dankalin da ake kasawa a Kano fari ne a ciki ko rawaya-rawaya. Yana ƙosarwa, amma bitamin A ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Akwai wani iri mai ciki launin karas. Cibiyar binciken amfanin gona mai saiwa da ke Umudike, a Jihar Abiya, ta fitar da irin da ake kira King J a 2012, da Mother's Delight a 2013, da Solo Gold a 2018. Masanan Cibiyar Dankali ta Duniya, wadda hedkwatarta ke Lima a ƙasar Peru, sun nuna cewa giram 125 na irin wannan dankali, watau ƙarami guda ɗaya, ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini. A 2016 aka ba mutum huɗu babbar kyautar abinci ta duniya saboda aikin inganta irin amfanin gona, uku daga cikinsu a kan wannan dankali suka yi aiki: Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low.

Abin da yakan sa mutane su ƙi shi shi ne, waɗansu irin sun fi fari ruwa, idan an dafa sai su yi caɓa-caɓa, Bahaushe kuwa dankali mai gari yake so. To, gashi yana gyara wannan aibi, tun da yana tsotse ruwan. Manomin da ke son gwadawa sai ya tambayi malamin gona na KNARDA a yankinsa inda za a sami yaɗo mai kyau. Ya fara da kunya kaɗan a gefen gona, ya ga yadda kasuwa za ta karɓa, kafin ya cika fili.

Yadda ake yi

Ba a gashi bisa harshen wuta. Harshen wuta ƙona bawo yake yi ya bar ciki ɗanye. A bari itace ko gawayi ya ci ya faɗa, garwashi ya yi farin toka a bisa. A wanke dankali tas, a bari ya tsane, kada a fere. A soka masa tsinke wuri biyu ko uku don tururi ya sami hanya. A buɗe rushi, a jera, a rufe da toka mai zafi, a ɗora garwashi kaɗan a kai. Matsakaicin dankali yakan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda, a juya shi sau ɗaya a tsakani. Idan tsinke ya shige har tsakiya ba gardama, ya nuna.

Karas da kabewa da tattasai ba a binne su. A yanka karas a tsaye gida biyu, kabewa kuwa a yi mata yanka mai kaurin yatsa biyu, a cire 'ya'yan. A shafa ɗan mai da gishiri, a jera bisa waya a kan kurfoti, ko cikin kaskon ƙarfe mai kauri a rufe, a riƙa juyawa. Kabewa da karas sukan yi kamar rabin sa'a, tattasai minti goma ya ishe shi, don haka shi ake sawa daga baya. Kada a cunkusa su wuri guda. Idan suka hau kan juna tururi yakan taru, sai a tashi da dafaffe maimakon gasasshe. Ma'aikacin da ke da murhun gas mai tanda a ƙasa sai ya sa digiri 200. 'Ya'yan kabewa kuma kada a zubar. A wanke, a shanya, a soya su a busasshen kasko kamar gyaɗa.

Mahaɗi kuwa kowa da nasa. Yajin ƙuli da citta da tafarnuwa ya isa. Wani yakan daka gasasshen tattasai da tumatir da albasa ya yi ɗan miya. Idan aka haɗa da dafaffen wake ko ƙwai ko gurasa, an sami abincin dare cikakke, gama dankali da kabewa su kaɗai ba sa gina tsoka.

Abubuwan da za a kiyaye

Na farko, kuma mafi girma, shi ne garwashi cikin ɗaki. Kowace shekara da hunturu akan ji labarin mutanen da suka shiga da kaskon wuta ɗaki, suka toshe ƙofa da taga, suka kwanta, gari ya waye ba su tashi ba. Gawayin da ke ci inda iska ba ta isa yana fitar da wata iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ko babu hayaƙi tana nan. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Wanda aka samu a haka a fito da shi fili nan da nan, a garzaya asibiti. Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da su. Gashi dai a tsakar gida ake yinsa, ko a madafa mai buɗaɗɗiyar taga. In an gama a kashe wutar da ruwa ko a rufe ta da ƙasa, gama iskar hunturu ba ta da wuyar ɗaukar tartsatsi zuwa danga ko rumfa. Kada kuma a hura wutar abinci da leda ko roba ko tsohuwar taya.

Na biyu, ba kowace saiwa ce gashi ke gyarawa ba. Rogo mai ɗaci yana da guba wadda sai an fere, an jiƙa kwanaki, an shanya, take fita. Turbuɗa shi cikin toka bai isa ba. Rogo mai zaƙi shi ake gasawa, shi ma a cire bawon duka, a tabbata ya nuna. Wanda bai san irin rogon da ke hannunsa ba ya bar shi. Dankalin Turawan da rana ta buga har ya yi kore, ko ya yi tsiro, yana da wata guba da zafi ba ya kashewa. A yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa a yar. Gwaza kuwa idan ba ta nuna sosai ba takan sa ƙaiƙayin maƙogwaro.

Na uku, ja-ja ake nema, ba baƙi ba. A 2002 masana a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan ya sha zafi ƙwarai, wajen tuya ko gashi, yakan haifar da wani sinadari da ake zargi da cutarwa, kuma gwargwadon ƙonewa gwargwadon yawansa. Abin da ya ƙone ƙurmus a kankare a zubar.

Akwai kuma magana ga masu ciwon sukari, ga su kuwa da yawa cikin masu zaman ofis da na kanti. Zaƙin nan da aka yaba a baya shi ne matsalarsu. Gasasshen dankali ya fi dafaffe saurin ɗaga sukarin jini. Mai wannan ciwo ya rage dankali, ya ƙara albasa da tattasai da yalo da kabeji, ya kuma bi abin da likitansa ya ce.

Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa gasasshen karas ya fi ɗanyen da aka wanke da ruwan da ba a san asalinsa ba. Amma ba ta cire dattin masana'antu da shuka ta sha. Lambun da ake ba ruwan Jakara ko na Getsi, inda kwatar gari da ta masana'antu ke zuba, wuta ba ta wanke shi. Mai saye yana da ikon ya tambayi ɗan kiri daga ina kayansa suka fito.

Ga manomi da ɗan kasuwa

Dankalin da zai gasu da kyau tun a gona ake shirya shi. Babban abokin gabansa wani ɗan ƙwaro ne mai kama da tururuwa, mai dogon baki. Ba ya iya tono mai zurfi, sai ya jira damina ta ɗauke, kunya ta bushe ta tsage, ya bi tsagar ya yi ƙwai a jikin dankali. Tsutsarsa tana huda ciki, wurin ya yi baƙi, ya yi ɗaci da wari. Gashi kuwa ba ya ɓoye wannan ɗaci, ƙara fito da shi yake yi. Maganinsa shi ne a riƙa tura ƙasa ana rufe tsaga, kada a bar dankali ya daɗe a gona bayan ya ƙosa, a kwashe ragowar da ta lalace a ƙone, kada kuma a maimaita dankali a fili ɗaya shekara bisa shekara.

Wajen haƙa a yi a hankali, gama fatar sabon dankali ba ta da ƙwari. Bayan an haƙe, a tara shi a inuwa wuri mai ɗumi, a lulluɓe da ganyensa ko buhun algarara kwana huɗu zuwa bakwai. A wannan lokaci ƙujewar da fartanya ta yi masa takan warke, fata ta yi ƙarfi, zaƙi kuma ya ƙaru. Dankalin da ya huta mako biyu ya fi wanda aka haƙo jiya daɗin gashi. Kuma dankalin Hausa ba ya son sanyi. Idan ya daɗe ƙasa da digiri 13 cikinsa yakan yi tauri ya lalace. Don haka ɗan kasuwa kada ya bar shi a fili bisa siminti cikin daren Janairu ba rufi, uwargida kuma kada ta sa shi a firiji. Dankalin Turawa kuwa duhu yake so da iska. Kabewa a yanke ta da ɗan guntun hannunta, a ajiye bisa katako ko kara, takan yi watanni.

Wanda ke neman abin yi da ɗan jari kaɗan, ga hanya. Masu gasa masara suna cika titi da damina, da kaka ta wuce sai su jingine wayarsu. Wannan waya da wannan kasko su ne dai kayan aikin gasa dankali, ba a kuma sayen mai. A tashar Unguwa Uku da bakin asibiti da ƙofar makarantu akwai masu neman abu mai zafi a hannu da sassafe da bayan la'asar. Sai dai gashi yana cin lokaci, saboda haka tilas a fara da wuri, a ajiye waɗanda suka nuna a gefen wuta cikin tukunya mai murfi. A naɗe wa mai saye cikin takarda mai tsabta, kada a sa mai zafi cikin baƙar leda.

Saura maganar iri. Wahalar mai noman dankali a ƙasar Kano ita ce yaɗo yakan bushe da rani, damina ta faɗi ba abin dasawa, sai an saya da tsada wurin masu fadama. Akwai dabarar da masanan dankali suka gwada a ƙasashe masu dogon rani, har da arewacin Gana. Tun yanzu, kafin a gasa ko a sayar da duka, a ware matsakaita masu lafiya waɗanda ƙwaro bai taɓa ba. A sami baho ko kwando, a shimfiɗa takarda, a zuba busasshen yashi mai sanyi, a jera dankali kada su taɓa juna, a rufe da yashi, a sake jera wani, har ya cika. A ajiye a ɗaki mai inuwa inda kaji da ɓera ba sa kaiwa, a riƙa dubawa wata-wata ana cire wanda ya ruɓe. Idan ya rage mako shida zuwa takwas ruwa ya sauka, a fito da su sun yi tsiro, a dasa a ɗan fili kusa da rijiya ko bayan gida, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a riƙa ban ruwa sau biyu a mako. Kafin a gama huɗa, yaɗo ya isa yanka.